Karen da aka bari a asibitin dabbobi, ko in sayi ɗan ƙasar waje?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Tun da muka tare a sabon gidan nan na bayan Rigachikun ba mu da maƙwabta sosai, kangwaye ne hagu da dama. Cikin wata biyu an haura mana sau biyu. Na farko aka kwance tunkiya da 'ya'yanta, na biyu aka cire batirin sola. Albashin maigadi kuwa ya fi ƙarfina. Sai na ce bari in ajiye kare.

Wani yaro mai sayar da karnuka ya turo min hoton ɗan kwikwiyo irin manyan nan masu gashi buzu-buzu, Kokeshiyan, wai dubu ɗari huɗu, ya ce har da takardunsa. Ban kai ga ba shi amsa ba, shekaranjiya na kai akuya asibitin dabbobi, sai na ji haushi ta bayan ginin. Ashe likitan yana da keji biyar inda yake ajiye karnukan da masu su suka gudu suka bari, da waɗanda aka tsinto. Ya nuna min wani ja mai baƙin baki, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Uwarsa karyar gida ce, ubansa irin karen 'yan sanda, shekararsa ɗaya da rabi. Mai shi an yi masa canjin wurin aiki, ya kawo shi ajiyar sati biyu, yau wata biyar ko waya ba ya ɗauka. Likitan ya ce in ina so ba zai karɓi kuɗin kare ba, na allurai da maganin tsutsa kawai zan biya. To wanne za ku ba ni shawara?

Abba Ɗan Gayu: Wa alaikumus salam. Yaya, tsintacciyar mage ba ta mage. Karen da mai shi ya gudu ya bari, ka tambayi kanka me ya kore shi. Kuma maganar tsaro ake, ba tausayi ba. Ɓarawo in ya leƙo katanga ya ga Kokeshiyan tsaye kamar maraƙi, ko haushi bai yi ba zai koma inda ya fito. Wannan mai karyayyen kunnen fa? Araha ba ta ado.

Mai Kaji: Abba, ado za a yi ko gadi? Bari in ba ku labarina, don ni na riga na sha wannan ruwan. Bara waccan na sayi ɗan Rotwaila a hannun wani mai kiwonsu, kuɗi masu ciwo, ya haɗo ni da kati mai tambari wai an yi masa allura. Kwana shida da zuwansa ya ƙi cin abinci. Washegari amai, daga nan gudawa mai jini, warin da har yau in na tuna sai raina ya tashi. Na kai shi asibiti aka ɗaura masa ruwa kwana uku, ni ke zuwa safe da yamma kamar mai jinyar ɗa. Ran na huɗu na iske an lulluɓe shi da buhu. Da likita ya duba katin sai ya girgiza kai, ya ce ko lambar kwalbar allurar babu a jiki. Na kira mai karen, ya ce ai lafiya lau ya ba ni.

Wanda ke gadin gonar kajina yanzu kyauta aka ba ni shi a ƙauyen su direbana. Shekara biyu ke nan, ban da allura da maganin kaska ban kashe masa ko sisi a asibiti ba.

Abba Ɗan Gayu: Alhaji wannan ai an cuce ka ne kawai. Laifin mai sayarwa ne, ba na jinsin kare ba.

Dakta: Salamu alaikum. Abba yana da gaskiya rabi. Abin da ya kashe kwikwiyon Alhaji cutar fabo ce, kuma tana kama kowane kare da ba a yi wa rigakafi ba, na gida da na waje. Sai dai an san wasu jinsuna sun fi saurin faɗuwa da ita, Rotwaila da Dobaman da karen 'yan sanda suna ciki. Ta fi kama kwikwiyo daga sati shida zuwa wata shida. Ƙwayar cutar tana zama a ƙasa watanni, shi ya sa Alhaji na ce maka a lokacin kada ka kawo wani kwikwiyon wurin sai an wanke da bilic an bar shi ya huta. Allurarta ana farawa a sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk sati uku ko huɗu har ya kai sati goma sha shida. Mai sayarwa da yawa allura ɗaya yake yi, in ma ya yi, ya ce maka an gama.

To Baban Ilham, ka ga fa'ida ta farko ta wancan jan karen: ya wuce wannan shekarun haɗarin. Ta biyu, halinsa ya riga ya fito. Kwikwiyo ɗan wata biyu kamar ƙwai ne, ba ka san abin da zai ƙyanƙyashe ba. Kare ɗan shekara ɗaya da rabi kuwa abin da ka gani shi ka samu: girmansa ke nan, muryarsa ke nan, in matsoraci ne za ka gani, in mai cizo ne wanda ya yi wata biyar yana ba shi abinci ya sani. Kuma gadi kake so yau. Kwikwiyon da za ka saya sai ya shekara kafin ya tsare maka komai, kafin nan kai ne maigadinsa, don shi kansa abin sata ne.

Sai maganar Kokeshiyan. Karen duwatsun Kokesas ne, can wajen Jojiya da Armeniya, inda ƙanƙara ke sauka, an yi shi don ya kwana a waje da tumaki yana korar kyarkeci. Gashinsa rufi biyu ne. Kare kuma ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ka ɗauko wannan ka ajiye a Kaduna a watan Maris da Afrilu. Na sha ganin waɗanda aka kawo mana da rana tsaka, harshe a waje ya yi shuɗi, wasu ba sa kai yamma. Namijinsa in ya girma yana haura kilo 50. Karen gida bai fi 15 zuwa 20 ba. Ka lissafa kwanon abincin da kanka.

Mai Kaji: Wato mai gudun albashin maigadi zai ɗauko mai cin albashin mutum biyu.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Na ga ana ta zaɓen iri, ba wanda ya tsaya ya tambayi hukuncin ajiye shi tukuna. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Ko Risalar da muka karanta a zaure, can wajen ƙarshenta, ta ce ba a riƙon kare a gidaje, a birni ko a ƙauye, sai don shuka, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo da su, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. Ban ga gadin gida a ciki ba. Allah ya sa mu dace.

Almajirin Malam: Allah ya gafarta Malam, abin da ka kawo haka yake a Risala, ba ƙari ba ragi. Sai dai ina neman izini in ƙara abin da masu sharhinta suka kawo a daidai wannan wurin. Sun ce shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoro a kan kansa, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya ƙi wannan. Ya ce da Malik ya riski zamaninmu, da zaki mai kisa zai ajiye. Mutumin nan ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, yau fiye da shekara dubu. To ina ga wanda aka haura wa gida sau biyu cikin wata biyu? Malamai irin su Ibn Abdil Barr da Nawawi sun tafi a kan halaccin riƙonsa don tsaron gida, ƙiyasi a kan ukun da hadisi ya ambata, tunda dalilin ɗaya ne, buƙata. Kuma Baban Ilham ma yana da tumaki da akuya a gidan.

Akwai wani abin da ban ga an lura da shi ba. An hana cin kuɗin kare a hadisin Abu Mas'ud. Risala a babin ciniki ta ce an hana sayar da karnuka, kuma an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙonsa. Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, yana cikin masu halattawa, har an ruwaito ya ce zai sayar ya yi hajji da kuɗin. Wasu sun hana. To wanda ya karɓi kare kyauta ya biya kuɗin magani kawai, ya fita daga wannan saɓanin gaba ɗaya. Mai dubu ɗari huɗu shi ne ya shiga cikinsa tsundum.

Malam Na Zaure: Madalla, Allah ya ƙara sani. Labarin Ibn Abi Zaid na san shi. Abin da nake tsoro shi ne a fake da gadi a koma abin da muke gani wurin yaran yanzu, kare a kan kujera, kare a gaban mota, ana ɗaukar hoto da shi. In larura ce, a tsaya iya larura. A yi masa wurinsa a bakin ƙofa ko wajen turken dabbobi, kada ya shiga ɗakuna.

Almajirin Malam: Wannan kam babu ja, Malam.

Maman Walid: Ni dai tambayata ta mata ce, don mu za a bari da shi a gida. Yawunsa fa? In ya lashi kwano ko ya taɓa shanya? Sannan Baban Ilham, ka yi shawara da Maman Ilham kuwa, ko sai dai ta gan shi a tsakar gida?

Almajirin Malam: Hajiya, a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakke ne, har yawunsa da zufarsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki, bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya su suna ganin najasa ne, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Mafita mai sauƙi: a ware masa kwanonsa na ci da na sha, a ɗaga igiyar shanya.

Baban Ilham: Hajiya kin kama ni. Na faɗa mata, ta ce in dai ba zai zo kusa da madafa ba. Tsoronta yaran ne.

Maman Walid: Tana da gaskiya wallahi. Ni abin da na gani da idona ya sa ko kwikwiyo na gani sai na tsallaka titi. Muna zaune a tsohuwar unguwarmu, wani kare da ba a san mai shi ba ya yagi ɗan maƙwabciyata a ƙwauri, yaro ɗan shekara bakwai. Ciwon bai kai a zo a gani ba, aka wanke aka sa masa maganin shuɗi, aka jefi karen ya gudu. Wata biyu shiru, har an manta. Sai zazzaɓi, sai yaro ya fara firgita. Uwar ta miƙa masa ruwa a kofi, yana so ya sha, hannunsa na rawa, ruwan na zuwa bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture kofin yana kuka. Ko iskar mafici aka kaɗa masa sai ya zabura. Aka ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai shi asibiti suka ce an makara. Kwana huɗu ya yi. To karen da aka tsinto, wa ya san abin da ke jikinsa?

Dakta: Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Hajiya abin da kika kwatanta shi ne ciwon haukan kare, alama bayan alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamu suka bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana ana tare shi tsaf. Don Allah kowa ya riƙe wannan: kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a agogo, ba a ƙiyasi ba. Sannan a tafi asibiti ranar, a fara allura, a kuma cika ta. In an san karen, kada a kashe shi a jefar, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Cutar takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta fito a jikin mutum, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke mantawa da cizon.

Amma ki lura, karen da ya ciji yaron nan na yawo ne wanda ba mai kula da shi. Na wajen abokin aikina kuwa wata biyar yana killace a gaban likita. Wannan ya fi min kwanciyar hankali a kan kwikwiyon da aka turo hotonsa a waya. Allurar haukan kare ana yi daga wata uku, a sabunta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin ta a nan gida. A dai yi a asibitin da ke da firji mai aiki, don allurar da ta kwana a jakar mai yawo cikin rana ruwa ce kawai. Kuma a sa ido wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, asibitocin dabbobi na gwamnati da na jami'o'i sukan yi ta kyauta a lokacin. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, cutar tana yankewa.

Anti Ta Ingila: Sannunku da muhawara, sai yanzu na taso daga aiki. Abin da likitan nan na Kaduna yake yi da keji biyar, a nan ƙungiyoyi ne manya suke yinsa. Akwai gidan karnuka na Battersea a Landan, tun 1860 wata mata Mary Tealby ta kafa shi, har yau yana aiki. Wata abokiyar aikina ta ɗauko kare a wani irin wannan gidan kusa da mu, na raka ta. Na zaci za mu nuna wanda muke so a sa mana a mota. Ina! Takarda aka ba ta ta cike: awa nawa take yi a wurin aiki, akwai yara, shekarunsu nawa, tsawon shingen gidanta. Sai da ta je sau uku suna ganin yadda karen yake yi da ita. Na ce mata ko neman aure sai haka. Kafin su ba ta sun yi masa allurai, sun yi masa fiɗiya, sun sa masa ɗan ƙaramin guntun na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar mai shi, wanda doka ta wajabta a nan tun 2016. Kuma suka ce in abin bai yiwu ba ta dawo musu da shi, kada ta ba wani.

Abba, ka ce a tambayi me ya kori mai shi. A jikin kowane keji akwai takardar tarihin kare, na tsaya na karanta da yawa. Mai gida ya rasu. An rabu da aure. Sabon gidan haya ba a yarda da dabba ba. Kuɗin abinci ya gagara. Jefi-jefi ne ka ga wanda aka ce halinsa ne matsalar, kuma a nan sukan rubuta ɓaro-ɓaro, kada a kai shi gidan da ke da yara.

Baban Ilham, abin da zan ce ka ɗauka daga nan shi ne sharaɗin mayarwa. Ka ce wa likitan in sati biyu bai zauna da iyalinka ba za ka dawo da shi. Mai dubu ɗari huɗu ba zai taɓa yarda da wannan ba.

Abba Ɗan Gayu: Anti na ji. Amma Dakta, tsakani da Allah, wannan maganar da ake cewa ruwa biyu ya fi lafiya, gaskiya ce ko dai lallashin marasa kuɗi ne?

Dakta: Tambaya mai kyau, kuma ba zan yi maka ƙari ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun fitar da nazarin takardun asibiti na karnuka fiye da 27,000, suka duba cututtukan gado 24. Goma sun fi yawa a masu tsantsar jinsi, ciki har da farfaɗiya, yanar ido, ƙaiƙayin fata, murɗewar tumbi da wani ciwon zuciya. Ɗaya ya fi yawa a ruwa biyu, tsinkewar jijiyar gwiwa. Sauran 13 babu bambanci. Dalilin goman nan ba ɓoyayye ba ne, auren zumunci ne ya yi yawa. Don a samu kamanni iri ɗaya ana ta haɗa dangi da dangi, cutar da ke ɓoye a jini sai ta haɗu ta uwa da ta uba. A nan ƙasar abin ya fi muni, don iyayen da aka shigo da su kaɗan ne, wani mai kiwon uba yake haɗawa da 'yarsa.

Amma ciwon ƙugu, wanda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, yana cikin 13 ɗin da ba bambanci. Karen 'yan sanda kuma ya yi suna da shi. Wato jan karen nan zai iya gado daga ubansa. Baban Ilham, in ka koma ka sa a fito da shi ya yi gudu. Ka tsaya ta bayansa. In yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, ko yana shan wuya wajen tashi daga kwance, ka faɗa wa likitan ya duba. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ja-ja ake so, in ya yi fari fat akwai ciwon kaska ko tsutsa. Ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Ka tafi da Ilham, ta tsaya nesa kaɗan tana riƙe da hannunka, ka ga yadda zai dube ta. In ya sandare, ya kafe ta da ido, gashin bayansa ya tashi, ka haƙura da shi ko da kyauta ne.

Ɗan Tawa: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ni dariya ma kuka ba ni. Mu nan arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai karen Buzaye, dogo siriri, ƙafahu kamar barewa, ana ganin haƙarƙarinai ko ya ƙoshi. Shi ka tsaron zango da bisashe, shi ka kama zomo da barewa. Turawa sunka zo sunka ɗauke shi zuwa Faransa da wasu ƙasashe, sunka sa mai suna Azawak, sunan kwarin da ya fito. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin jinsunan da ta yarda da su. Yanzu can kuɗi mai yawa a ka sayen shi, da takarda da hatimi. Nan kuwa in ka gane shi bakin rijiya sai ka ce karen daji na. Abba, in an kawo maka shi daga Amurka cikin jirgi, na san za ka saye.

Abba Ɗan Gayu: Kai Ɗan Tawa, ka gama da ni.

Dakta: Ya taɓo wani abu. Karen gidanmu ma ba ruwa biyu ba ne kamar yadda ake zato. A 2009 masu bincike na Jami'ar Cornell sun gwada jinin karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya, suka samu yawancinsu tsatso ne na nahiyar nan mai zaman kansa, ba ɓurɓushin karnukan Turawa ba. Zafi da kaska da yunwa su suka tace su, ba mai kiwo ba.

Jikan Sarkin Baka: Mu da muka tashi gidan farauta ba mu san wani kare ba sai na gida. Kakana yana da bakwai, kowanne da sunansa, Duna, Bar-su, Ƙyale. Ƙanzo da dusa da romon kai suke ci, su wuni a daji su dawo. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma ɓarawon unguwa karen da ya san unguwa ke maganinsa. Gadi ba girma ba ne, kunne ne. Aikinsa ya tashe ka, sauran naka ne da maƙwabta.

Gargaɗi biyu zan yi. Kada a ɗaure shi da kaca dare da rana, kare ɗaurarre shi ke zama mugu, ranar da ya tsinke kuwa ɗan gida zai fara kamawa. Na biyu, kada a bar shi yawo. Akwai masu bi ƙauye-ƙauye suna saye, wasu suna sata, ana lodinsu a mota zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato. Kare mai ƙiba irin wanda ya sha wata biyar a asibiti ba zai kwana biyu a waje ba. Kuma ɓarayi suna jefo nama mai guba, a koya masa ci a kwanonsa kawai, daga hannun mutum ɗaya ko biyu.

Malam Na Zaure: Tunda an tsaya a kan larura, to a kuma ji tsoron Allah a kansa. An gafarta wa mutum saboda ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, an kuma azabtar da mace saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda zai ɗauka ya san amana ya ɗauka. Shi ma wancan da ya gudu ya bar shi, da sauran magana a kansa.

Baban Ilham: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka yi. Ranar Asabar na koma da Ilham da ƙanena. Aka fito da shi ya zaga filin sau biyu, gudunsa lafiya, dasashi ja. Kaska uku muka cire a kunnen nan karyayye. Da ya ga Ilham sai ya sunkuyar da kai yana kaɗa bindi, ya zo ya shinshina takalminta ya koma ya kwanta. Ita ce ma ta ce a tafi da shi. Likitan ya yarda da sati biyun da Anti ta ce, ya ba ni kati mai kwanan wata da lambar kwalba, na duba da kyau saboda labarin Alhaji. Duka abin da na kashe, har da bulo da kwanon rufin da aka yi masa ɗaki kusa da turke, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin wancan ba.

Sai dai yau kwana uku ko tari bai yi ba. Yana cin abinci, yana bin ƙanena, amma dare ya yi sai ya shige ɗakinsa ya yi shiru. Jiya almajirai suka yi bara a ƙofa, ko kai bai ɗaga ba.

Abba Ɗan Gayu: Na faɗa muku! An ɗauko maigadi kurma.

Dakta: Abba ka yi haƙuri tukuna. Wata biyar yana keji, bai san nan gidansa ba ne, kare kuma ba ya tsaron inda bai ɗauka nasa ba. A ba shi sati biyu zuwa uku. A riƙa zagawa da shi jikin katanga safe da yamma da igiya, a ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. Kada a zuba masa ragowar miya mai albasa da yawa, tana lalata musu jini, kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe. Kaska kuma a karɓo magani a asibiti, kada wani ya ce a shafa masa fiya-fiya ko baƙin mai.

Baban Ilham: Abba, ina kake? Daren jiya ƙarfe biyu da kwata ya tashe mu, haushi kamar zai tsaga katanga, murya ashe tana nan. Na fito da tocila da gora, ƙanena da adda, Maman Ilham tana ta salati a ɗaki. Muka haska bayan turke. Bushiya ce ta dunƙule, shi kuma yana zagaya ta da ƙaya biyu a hanci.

Mai Kaji: To ai ya fara aiki. Wane suna aka sa masa?

Baban Ilham: Ilham ta ce Kunne. Dakta, ƙayar na cire da hantsaki na wanke da sabulu, wurin ya ɗan kumbura. In kawo shi ko in bari zuwa gobe?

Dakta: Turo min hoton hancin ta akwatina yanzu in gani.